Ƙafafu Sittin da Huɗu Cikin Safa

Wata uku Malamar aji uku ta yi tana sintiri ofishin mai kula da zauren kiɗa kafin ya yarda. Mutumin nan Allah ya zuba masa taurin kai, ga makullai na lilo a ƙugunsa, har kowa ke ce masa Mai Makulli. Abin da take nema bai taka kara ya karya ba: a bar yaranta talatin da biyu su zauna ranar da makaɗa ke gwaji da safe. Kiɗa ne irin na da, makaɗa arba'in da goguna manya da ƙanana, da sarewa da ƙaho da ganga, babu mai waƙa, sai wani dattijo a gabansu yana ba su hannu da 'yar sanda. Tana 'yar shekara tara ta fara jin sa, kuma har yau ba ta manta daɗin da ya cika mata ƙirji ba. So take yaranta su ji wannan daɗin.

"Malama, sau ɗaya ne fa," in ji Mai Makulli. "Waɗanda suka zo bara kasuwa suka mayar mini da wurin nan. In na ji ko tari, ke da duk wata makaranta kun yi ban kwana da ƙofar nan."

Ai kuwa ta ɗaura ɗamara. Mako guda tana horar da su: ba dariya, ba waiwaye, ba tafi, hannu a cinya. Baki ya bi umarni, amma ƙafa ta ƙi. Da ta kunna musu kiɗan a wayarta, sai takalma suka hau dukan ƙasa, musamman na wata 'yar firit da ake kira Tsalle. Malama ta kwana biyu tana tunani, sannan ta samo dabara. Da sun zauna, kowa ya cire takalminsa ya tura ƙarƙashin kujera, a bar safa kawai.

Ranar gwaji suka shiga a layi, tsit. Kiɗan ya fara a hankali, can sai ya ɓalle. Goguna suka ruga a guje, sarewa ta bi su tana tsokana, ƙaho ya amsa daga baya, ganga ta ce ba za a bar ta ba. Malama ta saci kallon yaranta, zuciyarta fes. Ko ƙifta ido ba sa yi, kai ka ce hoto za a ɗauke su.

Dattijon ya waiwayo sau ɗaya, ya sake waiwayowa. A na uku ya sauke sanda, kiɗa ya tsaya cak.

"Mai Makulli, sallami bayin Allahn nan," ya ce, muryarsa a sanyaye. "Wannan shi ne wuri mafi farin ciki a duk kiɗan, amma dubi fuskokinsu. Azaba kawai muke ba su. Kada a ƙara kawo yara."

Gaban Malama ya faɗi. Wayyo, ita da hannunta ta rufe ƙofar da ta yi wata uku tana turawa! Kunya ta kama ta, haushin kanta ya fi kunyar. Duk da haka ta miƙe.

"Baba, a yi mini afuwa. Laifina ne, ni na ɗaure musu fuska. Don Allah a sake wurin nan mai gudu, amma ka sauko ka duba ƙasa."

"Malama!" Mai Makulli ya taso. "Ba haka muka yi da ke ba."

"Ka kore ni in an gama, na yarda. Amma sai ya gani."

Dattijon ya dube ta ta saman tabarau. Ya yi wa babban mai goge alama ya ja ragamar, shi kuma ya sauko, ya dafa kujera ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Kiɗa ya sake ɓallewa.

Ƙafafu sittin da huɗu cikin safa, wasu har babban yatsa ya leƙo, suna ta rawa a ƙarƙashin kujeru. Ganga ta buga, su buga tare da ita. Sarewa ta haura, yatsun Tsalle su miƙe sama. Daga ƙugu zuwa kai kuwa, ko motsi.

Dattijon ya fashe da dariya har da hawaye. "Wa ya cire musu takalma?"

"Ni ce, Baba."

"To, a mayar musu. Makaɗana ma su ji."

Tsalle ta ɗaga hannu a tsorace. "Kaka, har da dariya?"

"Har da dariya, jikata."

Aka koma farko. Wannan karon zauren ya ɗauka da bugun takalma da shewa, makaɗan kansu suna murmushi, bakan gogensu na ƙara sauri. Malama ta zauna ta rufe fuska da gyale, ta yi kukanta na daɗi.

A bakin ƙofa Mai Makulli ya tare ta, ya haɗe rai kamar kullum, sai dai ƙafarsa ta dama ba ta daina buga ƙasa ba.

"Aji huɗu su nawa ne?" ya tambaya.

"Talatin da biyar."

"Talata mai zuwa. Su zo da takalmansu."