Kalmar da Gwaggo Ta Nema

A masana'antar sabulu akwai wata malama da ke koya wa ma'aikata Turanci lokacin hutun rana. Ran nan ta rubuta jimla a allo, ta ce ma'anarta, "Mun gamsu da aikinmu." Manaja ne ya ce a haddace, don gobe masu kamfanin za su zo, kuma duk wadda ta ƙi faɗa, a bakin aikinta.

Kowa ya maimaita, ban da Gwaggo, dattijuwa mai naɗe sabulu.

"Malama, in mutum bai gamsu ba fa, yaya zai ce?"

"Gwaggo, rufa wa kanki asiri," in ji ta kusa da ita. "Da wane haƙorin za ki tauna dogon Turanci?"

Gwaggo ta buɗe tafukanta, duk soda ta tsattsaga su. "Tun bara muke roƙon safar hannu. Bakina ba zai ƙaryata hannuna ba."

Malama ta rubuta kalmar da ke nufin rashin gamsuwa, ta furta mata a hankali har ta zauna mata a baki.

Washegari masu kamfanin suka iso layin Gwaggo. Manaja na tsaye yana hararar ta, ta faɗi kalmar sarai, har sau biyu.