Ƙashin Da Ya Ga Rana

A shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi, lokacin ciran albasa, amalanken shanu ya kife da Gado a fadamar Danwarai. Buhuna suka zubo masa a ƙafar hagu. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye, bakin ƙashin ya huda fata ya fito, ya soki laka mai haɗe da takin dabbobi.

Yayansa Nuraddeen ne ya fara isa wurin. Ya ja ƙafar har ƙashin ya koma ciki, ya wanke jinin da ruwan ban-ruwa, ya yage rawaninsa ya ɗaure. Raunin bai wuce faɗin bakin kwalba ba. Da suka biya gida, Luba, matar Gado, ta ga laka a cikin ramin raunin, mijinta kuma ya gaya mata yadda aka yi.

Nuraddeen ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata, “In munka je wurin Baba Sambo, icce na ya karce shi. Kin jiya? Kar ki ce komi.”

Kowa a ƙasar Aliero ya san dalilin wannan gargaɗi. Sambo tsoho ne cikin masu ɗorin garin, kuma yana da doka guda da ba ya karyawa: ƙashin da ya ga rana, wato wanda ya fito waje, ba ya ɗora shi, asibiti yake tura mai shi. Shi kuwa Nuraddeen ya san wani direba ɗan Maiyama da ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. A wurinsa asibiti wurin yanke ƙafa ne.

Sambo ya duba raunin, ya tambaya, aka ce masa icce ne. Ya daidaita ƙashi, ya shafa man shanu, ya jera karare, ya naɗe da ƙyalle. Ya sa lokacin kwancewa. A al'adarsu, ɗori ba ya buɗuwa kafin lokacinsa, ko a hannun wanda ya ɗaura shi.

Aka ba Gado ɗaki a gidan Sambo, inda masu karaya ke jinya. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya rufe shi. Yatsun ƙafar suka kumbura, wani ruwa rawaya ya fara ratso ƙyallen. Nuraddeen ya ce ƙashi ne ke haɗuwa.  Luba ta jira har Sambo ya fito zagayen safe, ta durƙusa a gabansa a tsakar gida, mutane suna kallo.

“Baba, ƙarya munka yi maka. Ƙashin ya hito. Har ƙasa ya taɓa.”

Sambo bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗakin, ya sa hannu a goshin Gado, sannan ya ce a kawo masa wuƙa. Ɗaya daga cikin 'yan'uwansa masu ɗori ya tuna masa cewa lokaci bai yi ba, kuma za a ce a gari ɗorin Sambo ya lalace.

“A ce,” in ji Sambo. Ya yanke ƙyallen.

Mugunya ta kwararo. Naman da ke kewaye da raunin ya yi ja ya ɗau zafi, bakinsa ya fara toka-toka. Sambo ya sa aka tsayar da motar albasa mai zuwa Jega, aka shimfiɗa Gado a kan tabarma, Nuraddeen da Luba suka hau, shi ma ya hau ya riƙe ƙafar da hannu biyu har suka isa.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ita ce Theresa, 'yar ƙasar Zuru, wadda aka kawo Jega aiki da aka yi sabuwar jiha. Ta ɗaga zanen da aka rufa ƙafar, ta kau da fuska kaɗan, ta dubi Nuraddeen.

“Ku mutanen Aliero albasa ta kashe muku hanci ne? Ni tun daga bakin ƙofa na ji wannan.”

Nuraddeen bai yi dariya ba. “Sista, in yankewa za ku yi, mu koma da abinmu.”

“Ban ce za a yanke ba, ban ce ba za a yanke ba. Likita zai gani. Amma in kun koma da shi yau, ba ƙafa kaɗai za ku rasa ba.”

Likita ya duba, ya yi bayani a taƙaice. Ƙwayoyin cuta sun shiga tare da laka, an rufe su a ciki, sun sami ɗumi da jini sun hayayyafa. Za a gwada ceton ƙafar. In ruɓar ta haura zuwa gwiwa, za a yanke don a ceci ran. Sambo ne ya amince a madadin dangi, Nuraddeen yana tsaye ya sunkuyar da kai.

A ranar aka shiga da Gado ɗakin tiyata. Likita ya faɗaɗa raunin, ya yanke duk naman da ya mutu har ya kai inda jini ke fita, ya ciro wani guntun ƙashi da ya rabu da sauran, da ɓurɓushin ƙasa. Theresa ta yi ta kwarara ruwan gishiri, kwalba bayan kwalba. Aka ɗebi mugunyar aka aika Sakkwato a gano irin ƙwayar cutar. Aka yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora, aka sa masa fenisilin ta jijiya. Ba a ɗinke raunin ba.

Da aka zo sa filasta, wadda mutane ke kira siminti, ana bukatar mai riƙe ƙafar a miƙe har ta bushe. Likita ya ce a kira tsohon. Sambo ya wanke hannu yadda Theresa ta nuna masa, ya kama diddige ya ja a hankali, likita yana naɗi. Da ta daskare, aka yanke taga a filastar daidai kan raunin.

Sambo ya leƙa tagar ya daɗe. “Wagga dabara ta yi,” in ji shi. “Ƙashi shina ɗaure, ciwo shina buɗe.”

Daga nan aikin ya koma hannun Theresa. Kowace safiya takan zo da tirenta, ta zare audugar jiya, ta wanke ramin, ta tsince abin da ya mutu, ta cusa sabuwa. Gado yakan ciji gefen filo.

“Sista, ke ba ki da tausai?”

“Ina da shi, Malam Gado. Na bar shi gida, yana jiran in tashi aiki. Miƙo hannu.”

Zazzaɓin bai sauka ba. Jan da ke kewaye da raunin ya matsa sama da kamar yatsa biyu. Theresa ta zana iyakarsa da biro a fatar da ke cikin tagar, don kada kowa ya dogara da ido. Da amsa ta zo daga Sakkwato, ta nuna cewa ƙwayar ba ta jin fenisilin. Likita ya canza magani, ya sake shiga da Gado tiyata ya ƙara share ramin. Bayan haka jan ya tsaya a kan layin biro, sannan ya fara ja da baya.

Da Gado ya fara cin tuwo yana hira, Nuraddeen ya zo da mota. Ya ce jiki ya yi sanyi, albasa tana jira a rumbu, kuma ga rauni an bar shi a hangame kamar ba a damu da shi ba. Gara a koma Aliero a rufe shi, kada a yi irin ta direban Maiyama.

Theresa ta ajiye tire. “Zazzaɓi ne ya tafi, cutar tana cikin ƙashi. Ƙashi ba ya shan magani da sauri kamar nama. In an tsayar da allura yanzu za ta dawo, kuma ta riga ta san maganin. Direbanku na Maiyama, ban san shi ba, amma na san irinsa. Sai ƙafa ta yi baƙi ake kawo mana su.”

Nuraddeen ya juya wurin Sambo, wanda yake zuwa duk ranar kasuwar Jega ya duba mutuminsa. “Baba, kai ka san aikinka. A ba ka shi.”

“Na sani,” in ji Sambo. “Don haka ni kawo shi. Ba ni karɓa tai sai yarinyar ga ta ce.”

Nuraddeen ya dubi ƙanensa. Gado ya ce, “Yaya, tahi ka kwashe albasa. Ni ina nan.”

Motar ta koma babu shi.

Ramin ya cika daga ƙasa zuwa sama da jan nama mai tsabta, har ya rufe da kansa. Allura ta koma ƙwayoyin sha, Luba ce ke miƙa su a kan lokaci. Damina ta kusa ƙarewa lokacin da aka fasa filastar. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a hasken taga, ya miƙa wa Sambo. Tsohon ya kalla, ya mayar, ya durƙusa ya bi ƙwaurin da babban yatsa tun daga gwiwa har idon sawu. Ya ce ya haɗu.

Ƙafar ta ɗan gaza ɗayar tsawo, kuma akwai lotsawa inda aka cire nama. Theresa ta ba Gado sanda, ta koma ƙarshen ɗakin ta tsaya.

“To, zo ka same ni. Kar ka dubi ƙasa, ƙafar tana nan.”

Gado ya dafa kafaɗar Luba, ya miƙe. Ya saki kafaɗar, ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar hagu, ya taka.