Jakuna a Ƙasan Bene

Avigdor ya ture kwanon miyar da ta huce gefe, ya ajiye Littafin Sarakuna, ɗaya daga littattafan addininsu, a kan teburin majinyaci na asibitin, ya jawo kujera kusa da gadon Pinhas. Juma'a ce, motocin hayar Urushalima za su daina aiki kafin rana ta faɗi saboda hutun ibada na Asabar, don haka bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

Tun suna samari suke karatu su biyu, yadda aka saba a makarantun addininsu: ɗaya ya kawo fassara, ɗaya ya rushe ta. Wanda ya yarda da abokinsa da wuri ya ci amanar karatu. Gardamarsu mafi daɗewa a kan gidajen Isra'ilawan dā ce. Avigdor ya ce dabbobi ke kwana a ƙasa, mutane a bene. Pinhas ya ce babu macen da za ta gasa gurasa kusa da kashin jaki, kuma sai tuzuru ne zai yarda da wannan. Avigdor kuwa bai taɓa aure ba.

Yanzu masu tonon kufai a arewacin ƙasar sun gwada daɓen wani gida, sun sami kashin dabbobi. Avigdor ya zayyana wannan dalla-dalla, yana ɗaga murya, yana jiran zagin da ya saba sha. Tun da ɓarin jikin Pinhas ya shanye, likitoci suka ce yana ji, amma ba su san abin da ya rage na hankalinsa ba.

"To, tsoho mai taurin kai, me ka ce?"

Pinhas ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi. "Gaskiyarka."

Mazal, matar Pinhas, tana ninke tawul. Ba tare da ta juyo ba, ta ce haka yake ce wa kowa, har mai shara.

Avigdor ya dubi taga. Rana ta yi ƙasa. Ya ɗauki kujerarsa, ya zagaya ɗaya gefen gadon, ya zauna.

"Gida ɗaya tak suka tona, Avigdor," in ji shi, da irin muryar Pinhas. "Wa ya ce maka ba bayan mutanen sun tashi jakunan suka shiga ba?"

"Gaskiyarka," in ji Pinhas.

A ƙasa, kan titi, motar haya ta ƙarshe ta wuce. Avigdor ya sake ɗaukar kujerar, ya koma gefensa don ya ba da amsa.