Rimin Bara'atu

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, wata babbar mota ɗauke da durom-durom na baƙin mai ta kauce hanya ta kife a bakin tafkin Yasore. Direban ya fito da ƙafarsa, ya hau wata motar ya nufi Batsari, ba a sake ganinsa ba. Mai kuwa ya malale kan ruwa, baƙi ƙirin, in rana ta doke shi sai ya riƙa ƙyalli kamar wuyan tantabara. Tafkin nan shi kaɗai ke kai mutane da dabbobi ƙarshen rani. Shanu suka zo suka shinshina, suka juya.

Akwai wata tsohuwa a garin, Bara'atu, ba miji ba ɗa. Abin da ta mallaka a duniya rimi ne guda a bayan ɗakinta. Da audugarsa take cusa matasan kai ta kai kasuwa, ta sayo hatsi. Ba ta taɓa barin kowa ya hau shi ba. Sai 'ya'yan sun bushe sun fashe da kansu take bin audugar tana tsinta, tana yi wa itacen hira kamar maƙwabciya.

Ran nan ta je kallon tafki da ɗan guntun auduga maƙale a zanenta. Ta cire ta jefa, don kawai ta ga yadda fari zai zauna kan baƙi. Audugar ta ƙi nutsewa. Ta yi ta shan mai har ta koma kamar gawayi, ruwan da ke kewaye da ita ya buɗe ido.

Murna ta kama tsohuwa. Ta koma gida ta jawo buhunan audugar bara da ta rage, ta zazzage su a bakin ruwa, tana janyowa da kara. Kafin azahar an sami gefe guda da za a iya ɗiba.

Salmanu, wani makiyayi daga Ruma, ya tsuguna ya matse audugar a ƙwarya. Mai ya tsiyayo. Makiyaya kuwa sun daɗe suna shafa wa shanu baƙin mai don kaska da ƙirci.

"Inna, ashe magani kike tarawa!" in ji shi. "Ina saura?"

"Ta ƙare, ɗan nan. Sai ta bana ta nuna."

Magana ta kai kunnen Mai unguwa Sammani. Washegari ya iso ƙofarta da maza riƙe da gatura. Bayan an gaisa ya ɗaga kai ya dubi rimin, ga 'ya'ya nan suna reto, kore shar.

"Gwaggo, ga auduga fal a sama, kika ce ta ƙare?"

"Ranka ya daɗe, ɗanya ce. Ku ba ta wata guda ta fashe."

"Wata guda? Ke za ki shayar da shanun gari da yawunki?"

Aka yi dariya. Wani mai suna Sahabi ya tofa miyau a tafin hannu ya ce, "Ku bar ta, tsoro take kada mu ga mijinta tsirara." Aka sake fashewa.

Suka hau. Rassan rimi ba su da ƙarfi, ba mai iya bi har ƙarshe ya tsinko, don haka suka riƙa sare reshe ɗungurum. Kowane ya faɗo sai ƙasa ta girgiza. Bara'atu tana kewayawa tana kama rigar wannan, tana kama ta wancan.

"Ku bar mini ko ɓangare guda! Sahabi, ni na goya uwarka!"

Ya fizge rigarsa bai ko waiwayo ba.

Aka kwashi 'ya'yan aka kai tafki, aka farfasa da dutse. Cikinsu jiƙe yake, a dunƙule, mai danƙo. Aka watsa a ruwa, bai sha komai ba, ya dai cakuɗe da mai ya zama ƙazanta. Mutane suka yi tsaye cirko-cirko.

"Na ƙasa ne ba su nuna ba," in ji Sammani. "Na can ƙololuwa su ke shan rana."

Ƙololuwa kuwa ba ta hawuwa. Suka koma suka kewaye gindin da gatura. Tun Bara'atu tana roƙo har murya ta dushe, ta zauna a ƙasa tana kallon farin itace yana tsalle daga bakin gatura. Da la'asar rimin ya yi wata ƙara mai tsawo, ya kwanta a gonar maƙwabci. Aka ruga kansa. Na ƙololuwar ma kore ne.

Ba wanda ya dube ta. Salmanu ya kaɗa shanunsa ya yi kudu. Maza suka zazzauna a kan gungumen suna share gumi, suna gardamar wanda zai ɗauki wane reshe.

Sammani ya juyo.

"Gwaggo, ba a ba mu ko ruwa ba? Tun safe muke aikin jama'a."

Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki. Ta karkata randa, ta kwarfo ɗan abin da ya rage a gindinta, ta kawo musu. Sahabi ya kurɓa, ya kuskure baki, ya fesar.