Yankan Romanus

Lasifikar Romanus ta fi shi kunya, domin ita idan batirinta ya yi sanyi takan yi shiru. Shi kuwa ko ta mutu sai ya ci gaba da maƙogwaronsa. Kowace safiya yakan hau dutsen da ke bayan gidan yayarsa Firisila a Tudun Wada, cikin wata kwat ta gwanjo da ta yi masa yawa a kafaɗa, ya dinga umartar rufin gidajen mutane su tuba. Awaki ne kaɗai ke ɗaga kai su dube shi, su ma ba da daɗewa ba.

Wai shi mai bishara. Ya sayar da kayan gyaran mota, abin ya rushe. Ya yi acaba, ya kayar da wata tsohuwa a kwata. Daga nan ya yi kwas na 'yan makonni a wata sabuwar majami'a da aka buɗe a tsohon shagon siminti, ya fito yana hura hanci yana kiran kowa "ɗan'uwa" da wata murya da ya aro. Daga Vom ya zo gidan Firisila da sunan kwana biyu, ga shi har katifar da aka shimfiɗa masa ta lotsa. Bai taɓa sayen ko gishiri a gidan ba, amma shi ne mai addu'ar abinci, kuma ba ya cewa amin sai tuwo ya huce.

Abin da ke ci masa rai shi ne har yau ba shi da shaidar da zai bayar a majami'a. Sauran 'yan kwas ɗinsu kowa ya tashi ya faɗi rayukan da ya jawo. Shi ko kyanwa bai jawo ba. Don haka ya sa ido a gidan da ke jikin katangarsu, gidan Malam Shu'aibu tela da matarsa Ummusalma.

Su kaɗai ne Musulmin da suka rage a layin tun bayan rikicin Jos na 2001. Sauran duk sun sayar ko sun yi musayar gida sun koma cikin gari. Ɗansu Abdulfatah ya daɗe da gyara musu ɗaki a Gangare, yana zuwa yana magiya, uwar tana ce masa ita inda Maman Dina take babu abin da zai same ta. Maman Dina ita ce Firisila. Mijinta ya rasu, 'yarta Dina na aure a Kaduna, kuma ta san sarai ranar da Ummusalma ta bar layin nan ba ta da sauran wanda za ta leƙa ta katanga ta ce wa an tashi lafiya. Wannan tsoron take kwana da shi.

Ba wai Firisila ta ɓoye bangaskiyarta ba ne. Shekara da shekaru suna zama a tabarma ɗaya suna tsince tsakuwa daga acca, tana ba Ummusalma labarin makiyayin da ya bar garkensa ya tafi neman tunkiya guda. Ummusalma takan saurara har ƙarshe, ta ce alaihissalam, sannan ita ma ta kawo nata labarin Nana Maryama a gindin dabino. Babu wadda ta gusa daga inda take. Amma Firisila na ambaton sunanta a addu'ar safe, kuma da gaske take so wata rana maganar ta shige ta. Romanus ya ce wannan ba bishara ba ce, hirar mata ce da tsoro.

A layin akwai abin da aka saba tun kafin a haifi Dina. Kowace Kirsimeti Malam Shu'aibu ne yake yanka bunsurun gidan Firisila. Zai shigo da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, ya fuskantar da dabbar gabas, ya yanka, ya wanke hannu, a yi masa godiya ya fita. Saboda haka idan kwanon Kirsimeti ya tsallaka katanga babu mai tambayar komai, sai dai a buɗe a ci. A bara Romanus ya tsaya a gefe yana tsaki ƙasa-ƙasa, ya ce an mayar da Almasihu ɗan haya a ranar haihuwarsa. Da aka soya naman shi ya fi kowa ci.

Bana sai aka yi wa Malam Shu'aibu aikin yanar ido, ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Yana zaune da auduga a manne a ido ɗaya, likita ya hana shi sunkuyawa. Ya ba Firisila haƙuri, ya ce a kai bunsurun mayanka, kowane mahauci Musulmi zai yi. Ita kuwa aiki ya sha mata kai, ga cincin a wuta, ga gwajin waƙa na Zumuntar Mata ta majami'arsu. Romanus ya miƙe ya ce shi zai kai. Ya kamata ta yi mamaki, mutumin da ko bokiti bai taɓa ɗaga mata ba. Sai ma ta ji daɗi, ta ce ashe majami'ar siminti na gyara mutum.

Bai je ko'ina ba. Bayan dutsen wa'azinsa ya ja bunsurun, da wuƙar yanka albasa a aljihun kwat. Kai, dabbar nan ta ga wulaƙanci. Bai iya kayar da ita ba sai da suka yi kokawa, ta tumurmusa shi a ƙasa, ta yi masa kashi a takalmi. Ya dinga goga mata wuƙa a wuya kamar mai yankan katako, yana haki yana kiran sunan Yesu. Da ya dawo da naman a daro, Firisila ta ɗaga wuyan ta ga duk ya tattauye. Ya ce ai mahautan yanzu sai a hankali, ga cunkoso. Ta yarda, domin bai zo mata a rai ba cewa ɗan da uwarsu ta haifa zai yi mata ƙarya a kan wannan.

Ranar Kirsimeti da ta taso daga sujada a majami'a, ko zanin Zumunta ba ta cire ba ta zuba shinkafa da miya a babban kwano, ta zaɓo tsoka masu laushi saboda haƙoran Malam, ta kai da hannunta. Ummusalma ta karɓa tana tsokanarta wai bana ɗaurin ɗankwalin ya fi na amarya. Ta buɗe a gabanta, ta ɗauki tsoka guda ta jefa a baki tun a tsaye, ta ce gishiri ya ji. Ba ta tambayi komai ba.

Washegari da hantsi Malam Shu'aibu na kan benci a ƙofar shagonsa yana shan rana. Abdulfatah ya zo duba idon, yana tsugune kusa da shi. Sai ga Romanus, an goge takalmi, Littafi Mai Tsarki a hammata, yana tafe yana murmushin nan na wanda ya riga ya shirya abin da zai faɗa ranar Lahadi.

"Baba, yaya naman jiya?"

Tsohon ya ce madalla, Allah ya maimaita musu.

"Ciki bai murɗa ba? An yi barci lafiya?"

Ya ce lafiya ƙalau, yana ɗan juyo da ido mai ganin don ya gane inda aka dosa.

"To, ni na yanka shi," in ji Romanus, ya ɗaga murya don masu wucewa su amfana. "Da hannun nan nawa, cikin sunan Yesu. Ka ci, ka ƙoshi, ka kwana lafiya. Ka ga ke nan sunan ba ya cutarwa. Tunda ya riga ya shiga cikinka, Baba, me ya rage ban da ya shiga zuciyarka?"

Shi a tunaninsa ya kawo hujjar da ba a taɓa kawowa ba tun zamanin manzanni. Har ya buɗe Littafin ya sa yatsa, yana jiran tsohon ya fashe da kuka.

Abdulfatah ne ya miƙe ya cakumi wuyan kwat ɗin, Romanus ya nutse a cikinta har kunne. Mutane suka fara tsayawa. A Jos ta wancan lokacin kuwa, idan mutum biyar suka tsaya a wuri ɗaya suna kallon Musulmi riƙe da wuyan Kirista, mata kan fara kiran 'ya'yansu gida. Mai shagon da ke kallonsu har ya fara jawo ƙofa. Malam Shu'aibu ya kira sunan ɗansa sau ɗaya, bai ko ɗaga murya ba, ɗan ya saki.

"Wanda ya ci bai sani ba, babu laifi a kansa," in ji tsohon. "Je ka, yaro."

Yaron ya haura arba'in, da furfura a gemu. Ya gyara kwat ya tafi yana cewa iri dai an shuka.

Firisila ta ji labarin a bakin famfo. Ta bar bokitinta a nan, ta shiga gidan Ummusalma ba ko sallama, ta zube a tsakar gida tana rantsuwa da kabarin mijinta. Kunya ta ishe ta har ba ta iya ɗaga kai. Ummusalma ta kamo ta ta tayar, ta share mata fuska da gefen mayafi, ta ce ta san ba ta sani ba, ko a mafarki ba za ta zarge ta ba. Kwanon jiya na kife a kan turmi, an wanke shi tas.

Amma Abdulfatah na tsaye a bakin zaure, kuma maganarsa ba ta hauka ba ce. Ya ce ya yarda Maman Dina ba ta sani ba, to wannan ɗin ne ma abin tsoron. Abin da aka ƙulla a bayan ɗakinta, da wuƙarta, aka ba ta ta kawo da hannunta ba ta sani ba, gobe idan gari ya rikice me kuma za a ƙulla ba ta sani ba? Ummusalma ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta saba faɗa, sai ta rufe. Malam Shu'aibu daga ɗaki ya ce a nemo mota.

Kafin sabuwar shekara aka ɗora keken ɗinki a bayan a-kori-kura, aka ɗaure da igiya. Firisila ce ta naɗe wa Ummusalma tabarmi, ita ta riƙe hannun Malam har ya hau. Ba su yi kuka a gaban mutane ba.

Ranar Lahadi Romanus ya samu shaidarsa. Matan layin suka kawo wa Firisila labari cewa ya tsaya a gaban majami'ar siminti ya ce da kalma ɗaya tak ya girgiza gidan da ya gagari kowa shekara da shekaru, duhu ya kasa zama kusa da haske ya kwashe kayansa. Aka yi tafi, aka buga ganga, fasto ya dafa masa kai. Da ya dawo ya tarar da jakarsa da lasifikarsa a waje. Ko a jikinsa. Ya ce dama an rubuta maƙiyan mutum su ne mutanen gidansa, ya saɓa jaka yana murna ya samu tsanani, abin ba da shaida na mako mai zuwa. Da ya kai bakin layi ya dawo ya tambaya ko akwai sauran soyayyen naman.

Wani mai gyaran rediyo ya kama hayar gidan Malam Shu'aibu. Mutumin kirki ne, yana gaisuwa. Firisila ta ci gaba da tsince accarta ita kaɗai, labaran da ta saba bayarwa suna zuwa mata baki babu wanda za ta ba.

Da Ista ta zo ta ce sai ta je Gangare. 'Yan Zumunta suka ce ta haukace, wa ke shiga can da suna irin nata. Ta yafa gyale ta fita. Tun daren jiya take shawarar abin da za ta kai. Ta auna shinkafa ta mayar, ta ɗora tukunya ta sauke. A ƙarshe ta kama babbar kazarta, ta ɗaure mata ƙafafu da tsumma, ta rungume ta a mota har cikin gari, ta bi lungu tana tambayar gidan tela mai ciwon ido.

Ummusalma ta fito da gudu ba takalmi, ta rungume ta har kazar ta yi ƙara a tsakaninsu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka tambayi Dina da yara, aka tambayi kowa a layi ban da mutum ɗaya. Sannan Firisila ta tura kazar gabanta, ta ce ga ta Ista, Malam ya sa a yanka musu.

Ummusalma ta dubi kazar da ke kwance a gefe tana haki.

"Maman Dina, da kin dafo ai da na ci."

Firisila ta jira ta ɗago su haɗa ido. Ummusalma ta sunkuya tana kwance tsumman ƙafar kazar, ta ce an ɗaure shi da ƙarfi, sai an kawo wuƙa.