Rediyon da Za a Kai Bayan Dutse

"Kuna ji na? Oba!" Alhaji Sabo ɗan kwangila ya daka tsawa a rediyon oba-oba daga gindin darbejiya.

Ubale, makanikin rediyon ofishin lafiya, yana baranda riƙe da ɗayan, taku ashirin tsakaninsu. Ransa ya gama ɓaci. Mako uku ya yi a kan littafin ƙa'idar da aka aiko daga Legas, yana fitar da abin da dole rediyon ya iya: iyakar raunin saƙon da zai kama, da yadda zai toshe kunne ga tashar da ke kusa da tasa. Ya hau babur daga Tudun Wada har asibitin da ke bayan duwatsun Doguwa, ya auna nisa, ya ƙara abin da dutse ke cinyewa. Shafi huɗu ya rubuta. Kwamitin sayen kaya ya soke su tas, ya sa layi ɗaya: "Rediyo mai kyau, ɗan Japan."

Yanzu sa hannunsa kawai ake jira. In ya sa, rediyon nan za a kai wa Turai ungozoma a bayan duwatsun Doguwa, wadda in haihuwa ta zo da gardama sai dai ta tura mutum a keke neman mota.

"Ranka ya daɗe," Ubale ya ce wa Malam Shitu shugaban kwamiti, "na auna shi jiya, ko rabin abin da ƙa'ida ta ce bai kai ba. A kai ɗaya Doguwa a gwada."

"Kai dai ka cika ƙaƙale! Littafi ne zai gaya mana abin da kunnenmu ya ji?"

Ubale ya juya baya, ya zare batiran. "Alhaji, sake kira."

"Oba! Oba! Kuna ji na?"

"Tangaran!" in ji Malam Shitu. 'Yan kwamiti suka gyaɗa kai.

Ubale ya buɗe tafin hannunsa, ga batira huɗu. Malam Shitu ya yi gyaran murya, ko kunya babu.

"To ka gani? Ko batir ba ya ci. Sa hannu mu tashi."

Ubale ya mayar da batiran, ya ɗaure rediyon a bayan babur, ya tayar.

"Alhaji, ci gaba da kira. In na ji ka daga Doguwa, zan dawo in sa hannu."