Shaf Biyu Daga Tsafe

Shekara ashirin Mahadi yana kanikanci a Gusau, bai taɓa ganin wanda ya kawo lafiyayyar mota ya ce a yanka ba sai Sabiru. Mutumin ya zo da tsohuwar a-kori-kura da wani karan dawa a hannu, ya ce a tsuke aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, gaba da baya, kada faɗin motar ya wuce tsawon karan.

"Mi za ka yi da mota tsukakka haka?" in ji Mahadi.

"Hanyarmu ce ba ta da hwaɗi."

"Wane gari?"

"Can bayan Bungudu," Sabiru ya amsa yana kallon ƙasa.

Nan Mahadi ya fara zargi. Wa ke buƙatar motar da za ta bi burtali in ba mai kai wa 'yan bindigar daji fetur da abinci ba? In aka kama ta, tambayar farko ita ce wane gareji ya yi aikin, kuma a zamanin nan da zarar an kira mutum infoma, wato ɗan leƙen asirinsu, to sai dai iyalinsa su yi haƙuri. Ga shi yana tsoron ya ƙi, don bai san wa ke bayan mutumin ba. Sai ya karɓi aikin, ya yanka, ya yi walda, ya ce saura shaf, wato sandar ƙarfen da ke cikin aksil tana juya taya.

A nan ya samu mafaka. Aksil in ya gajarce, tsohon shaf ya yi masa tsawo, dole a nemo gajeru guda biyu masu haƙora daidai da na ciki, kuma kowa ya san wannan nema ne mai wuya. Shi kuwa kwana biyu kacal ya yi ya samo su a Tsafe wajen masu tsofaffin ƙarafa, suka zauna daram kamar don motar aka ƙera su. Ya zare su, ya naɗe a buhu, ya ɓoye, ya shiga bincike. Ya tambayi direbobin tasha, ya tambayi masu awon hatsi, babu wanda ya ce ya san Sabiru. Kullum mutumin ya bugo waya, Mahadi ya ce, "Ana nan ana biɗa." Har wayo yake jin ya yi, bawan Allah.

Ran kwana na goma sha uku Sabiru ya zo da kansa, ya rame, ya zauna a kan benci.

"Malam Mahadi, ka yi a hankali yanzu, gaugawa ta ƙare."

Sai ya buɗe baki. Garinsu sun haƙa rami sun kewaye shi saboda hari, sun bar ƙofa ɗaya mai faɗin amalanken shanu. Mota ba ta shiga, mara lafiya sai a amalanke har bakin titi. Shi ne suka haɗu suka sayi wannan motar don mata masu naƙuda.

"Mi ya hana ka hwaɗa min tun hwarko?" in ji Mahadi.

"Mun yi rantsuwa ba mu gaya ma baƙo sunan gari ko awon ƙohwa. Ban san ka ba, kai ma ba ka san ni ba. Ma'u, matata, shekaranjiya haihuwa taz zo mata da gardama. Ba mu kai titi ba."

Mahadi ya dubi inda ya ɓoye buhun. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa ko ta'aziyyar da zai yi.

Sabiru ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu. "Na san ka sha wahalar biɗa sabili da mu. Allah shi saka maka da irin abin da ka yi muna."

Ya tsaya yana jiran amin.